Tabon Farce a Bayan Sarki

Shekarata goma sha ɗaya ina raba karta a jirgin ruwan caca da ke tsaye a kogin Mandovi, daura da birnin Panjim. Sunana Assumpta Rebello. Duk watan Satumba ake babbar gasar wasan karta na poka, mutum wajen dubu ke shiga, a yi kwana biyar ana zubar da su har a samu ɗaya. A rana ta huɗu ta gasar bara, da aka rage mutum ashirin da bakwai, aka ba ni teburin da masu ɗaukar hoto suka yi wa zobe, don manyan sunaye uku ƙuri'a ta haɗa a kansa.

Akwai Kersi Vakharia, dattijo daga Mumbai, wanda ya ɗauki kofin nan sau biyu tun kafin a ɗauke ni aiki. Kowa Baba Kersi yake ce masa. Yana zuwa da farar riga mai guga, ya gaishe da masu shara da sunayensu, ni kuwa 'yata yake kirana. Sai Gurleen Sodhi daga Chandigarh, mai awarwaro cike da hannu da bakin da ba ya hutawa. A talabijin kamar mahaukaciya take, amma ni da nake zaune kusa da ita na san duk ba'ar da ta jefa wa mutum, idonta na kan maƙogwaronsa tana jiran ya haɗiyi yawu. Na ukun Tanmay Bhandarkar ne, ɗan shekara ashirin da shida da ya yi suna a wasan intanet, ba ya gaisuwa, ba ya cire baƙin tabarau.

"Ƙanena, wai makaho ne kai ko kunyar mata kake ji?" Gurleen ta ce masa tun a rabon farko.

"Ki yi wasanki, Anti."

"Anti? Baba Kersi, ka ji yaron nan? Shekara takwas kawai na ba shi."

"Ki yafe masa, a kwamfuta aka raine shi," in ji Baba Kersi. Teburin ya ɗauki dariya, ban da Tanmay.

Wajen ƙarfe uku na yamma, ina tattara karta, yatsana ya ji wani abu a bayan kartar sarki. Ɗan lotsawa ne a kusurwa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kartarmu ta roba ce, ba ta lotsewa da kanta. Na ci gaba da gaurayawa kamar ban ji ba, amma ina shafa kowace. Na sami irinsa a jikin wata sarauniya da as guda biyu, wato kartar da ta fi kowace daraja. Ƙananan karta kuwa sumul.

A wasan nan kowa karta biyu ake ba shi a kife. Wanda ya iya gane daga bayan karta cewa abokin hamayyarsa na riƙe da babba, ya gama da shi. Na ɗaga hannu na kira Anselm, shugaban da ke kula da teburan wasa, na ce masa a hankali a canza mini karta.

"Me ya same ta?"

"Ta tsufa, Oga."

Ya kalle ni, don da safen nan aka fasa ta daga leda. Ya dai kawo sabuwa, ya tafi da waccan a aljihu.

Daga nan na daina kallon fuskoki, na koma kallon hannuwa. Gurleen na fara zargi, don farcenta dogaye ne, ja wur, kuma duk sanda ta leƙa kartarta sai awarwaron su zubo su rufe yatsun. Sannan Tanmay. Shi da gefen ɗan yatsa yake ɗaga karta, ya sake ta nan take, amma na lura kansa na ɗan karkacewa duk lokacin da nake rabo, kamar mai neman inda hasken fitila ke faɗuwa a kan tebur. Sau biyu ya zubar da karta mai kyau a gaban wanda daga baya aka ga as biyu yake riƙe da su. Sau ɗaya kuma ya tura duk ƙwandalolinsa na caca a kan wani ɗan kasuwa daga Surat ba tare da komai a hannu ba, mutumin ya ja da baya. 'Yan kallo suka yi ta tafi suna cewa yaron na karanta zuciya.

Minti arba'in bayan canjin, tabon ya dawo. Wannan karon na san inda sarkin ya fito, don ni na karɓe shi da hannuna daga kujera ta huɗu. Kujerar Baba Kersi ce.

Lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti, mutumin nan ya bar teburin wasa ya zo ya tambaye ni jikinta, kwana uku a jere. Na ce wa kaina ƙila tabon na nan tun kafin ta je hannunsa ban ji ba. Na sake jira. Aka ba shi as, ya daɗe yana tunani, babban yatsansa a kan kusurwar kartar. Ta dawo mini da tabo.

Da aka tafi hutun shayi na sami Anselm a ɗakin kyamarori. Ya riga ya baje kartar farko a ƙarƙashin fitila.

"Karta huɗu, Assumpta. Kuma a teburinki kaɗai. Kin san abin da mutanen sama za su fara tambaya."

"Za su tambaya ko ni ce."

"Ke ce?"

Na miƙa masa hannuwana. Dokar aiki ce mu yanke farce har nama. Na ce ya buɗe kyamarar kujera ta huɗu.

Muka kalla tare. Idan an ba Baba Kersi ƙananan karta, turo su yake yi nan take. Idan manya ne sai ya riƙe, hannun damansa ya soma ɗan rawa, ya danne kartar da farcen babban yatsa har rawar ta tsaya. Shi kansa ba ya kallon bayan kartar kowa, idonsa na kan fuskoki. Anselm ya juya zuwa kyamarar Tanmay, ya ga karkacewar kan nan, ya mayar baya ya sake gani.

"To wa zan kama? Mai yi ba ya kallo, mai kallo bai yi ba."

Aka kira Baba Kersi. Ya saurara a tsaye, sannan ya zauna ya ɗora hannun a gwiwa, muka ga yana rawa.

"Tun bara likita ya faɗa mini sunan ciwon. Ban gaya wa kowa ba. In yaran nan suka sani, hannuna za su riƙa kallo. Ina danne kartar ne don kada a gani." Ya juyo gare ni. "'Yata, da kin faɗa mini a kunne."

"Ba ni da wannan izinin, Baba."

"Haka ne. Kin yi daidai."

Anselm ya ba shi gargaɗi, ya aika aka kawo abin yanke farce, dattijon ya yanke a gabanmu. Aka kira Tanmay, aka ce ya ba da tabarau a duba. Gilashi ne kawai.

"Haramun ne mutum ya kalli tebur?" ya tambaya.

"Ka ga tabo a kartar?"

"Na ga karta. In ta lalace, aikin wannan matar ne ta gani, ba nawa ba."

Babu dokar da za a kama shi da ita. Aka koma wasa, aka sanar cewa daga yanzu za a canza karta duk bayan minti ashirin, ba a faɗi dalili ba. Gurleen ta dubi Anselm, ta dubi yatsan Baba Kersi, ta dubi Tanmay.

"Ikon Allah. An tafi shan shayi an dawo da gyaran farce. Ƙanena, kai me aka gyara maka?"

Karatun zuciyar dai ya tsaya daga nan. Kafin ƙarfe shida ya tura duk ƙwandalolinsa a kan Gurleen, ta biye masa ta cinye shi da sarki biyu, ya fita a na goma sha tara. Baba Kersi ya bi shi ba da jimawa ba, ya zagaya teburin yana ba kowa hannu. Gurleen ta kai rana ta ƙarshe, ta zo ta uku.

Na tashi aiki ana yayyafi, na hau ƙaramin kwale-kwalen da ke kai ma'aikata gaɓa. A bakin titi, ina jiran bas ɗin Mapusa, na hangi farar rigar Baba Kersi kusa da wata tasi. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga. A ɗaya gefen akwai mutum zaune, babu tabarau a fuskarsa, don haka sai da motar ta wuce ta gabana na gane Tanmay ne. Dattijon na magana, shi kuma yana gyaɗa kai.

Washegari na faɗa wa Anselm.

"Ruwa ake yi, Assumpta. Samun tasi na da wuya. Otal ɗinsu ɗaya."

"Ka duba ko otal ɗinsu ɗaya ne?"

Ya ce in bar maganar, ba mu da abin nunawa. Ban sani ba ko ya duba. Na dai ji daga wajen 'yan ɗakin kyamarori cewa ya sa an ciro hotunan gasar shekaru uku da suka wuce, duk teburin da mutanen biyu suka taɓa haɗuwa, ya kwashe sati yana kallo shi kaɗai. Bai ce wa kowa ga abin da ya gani ba.

Bana duk su biyun sun zo. Sau biyu ƙuri'a ta so haɗa su a tebur ɗaya, sau biyun Anselm ya sami dalilin sake raba kujeru. Baba Kersi ya zo inda nake ya tambaye ni jikin Mama, na ce da sauƙi, na gode masa. Ya zauna a teburina na awa biyu. Duk kartar da ta fito daga hannunsa sai da na shafa bayanta, ban sami komai ba.