Rabon akuya

Shekara talatin da takwas ina dafa wa mijina Baba Asake amala da miyar ganyen efo, shekara talatin da takwas yana tsince ganyen yana miƙa wa akuyarmu ta taga. Nama da kifi dai ya cinye tas. In na yi magana ya ce, “Iya Asake, ni masaƙi ne, ba tunkiya ba.” Akuya huɗu muka yi a gidan nan kafin ta yanzu, kowacce ta mutu da ƙiba.

To bara, ana saura wata biyar bikin autarmu Abeke, ya zauna saƙa mata zanen aure, don duk garin Iseyin ba wanda zai saƙa wa 'yarsa in ba shi ba, haka ya rantse. Kwana uku da farawa na ji yana zagin mai sayar da zare, wai zaren a karkace yake. Na duba, zare sumul. Washegari kuma ya ce ƙofar ɗaki ta lanƙwashe. Nan gabana ya faɗi, ban saurari gardamarsa ba na sa shi a mota sai asibiti a Ibadan.

Likitar yarinya ce, sa'ar Abeke. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta leƙa idon ta daɗe tana leƙawa. Ta ce tsakiyar idon hagu ta riga ta lalace, ba za ta dawo ba. Na dama ne ya rage, shi ma ya fara. Wai can bayan ido akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke karɓar haske, yau da gobe sai su ci kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ta rubuta magani, ta ce kuma akwai sinadari a ɗanyen ganye da ke taimakawa wajen tare wannan tsatsar, ko da ba ya warkarwa.

“Baba, kuna cin efo?”

Ya yi tari. Na ce, “'Yata, tambayi akuyarmu. Daga ƙarshen layi take hango ɓawon rogo.”

Muka koma gida. Da rana na zuba masa efo, na cika kwano har da tozo, na ja kujera na zauna a bakin taga. Akuya ta zo ta ɗora haɓa tana jira. Ya dubi kwano, ya dube ta.

“Kin haɗa baki da likita.”

“Na haɗa. Ci.”

“Ko kaɗan ba za a ba ta ba? Ta saba fa.”

“Ita za ta saƙa zanen?”

Ya kai loma ɗaya yana yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Ni kuwa haushi ya cika ni, na ce wato sai da zanen Abeke ya shiga haɗari sannan girkina ya ciwu, ni da na yi shekaru ina roƙo a banza.

Ya ajiye lomar. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya juyo ya kalle ni da na hagun.

“Ina ganin ɗankwalinki,” ya ce. “Ina ganin taga, ga akuya can. Wurin da fuskarki take ne babu komai. Wata biyu ke nan, na kasa faɗa miki. Zane kam ko da laluben hannu zan gama shi.”

Na tashi na kore akuyar na rufe tagar, don kada ta ga ina kuka.

Can da na juyo ya sauke hannunsa, ya cinye efon tas, yana kallona da idon da ya rage, kwanon a miƙe.

“Ƙaro,” ya ce. “Amma gishirin ya yi yawa.”