Teburin da Ubana Ya Saya Mini

Sati uku da mutuwar mijina Bhabatosh, 'yan ƙungiyar marubutan Kolkata suka zo da amalanke suka ɗauke mini tebur. Wai a kansa ya rubuta littattafansa na jiragen da ke zuwa taurari, don haka ya zama kayan tarihi. Teburin cin abincin da ubana ya saya mini! Ni kuwa da ciwon gwiwa na koma cin shinkafa a ƙasa.

Ranar taron tunawa da shi na ɗaura farin zanena na sari na tafi. Ga teburina an zuba masa furanni, har da kewaye shi da igiya. Wani marubuci mai gemun akuya, Tuhin, yana ta zuba:

"Ku dubi yadda Malam ke yanke babi! Jirgi ya sauka a baƙuwar duniya, matuƙi ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, sai tsit. Dukanmu wurinsa muka koya. Shekara goma ina kwaikwayonsa, ban kamo shi ba."

Daga baya na ɗaga murya: "Ba kuwa za ka kamo ba. Kai wa ke kwashe maka takardu?"

Tuhin ya ce, "Mashima," wato inna, "a zauna a sha shayi…"

"Shayin gidanku! Ƙarfe ɗayan rana, da kifi ya soyu, nake kwashe takardunsa in jera kwanuka, ko da matuƙin mutuwa yake yi. In ya ci ya yi barci, ya manta abin da ke bayan ƙofar, sai ya kama sabon babi. Ko harafi ban sani ba, amma babukan nan duk ni na yanke su."

Shugaban ƙungiyar, Pranabesh, wanda ya rubuta ƙaton littafi a kan hikimar wannan tsit ɗin, ya hango wani ɗan jarida yana zaro biro. Ya matso yana share gumi.

"Mashima, me kike so?"

"Teburina. Yau. In ba haka ba, in faɗi dalilin da ya sa mutanen taurarinsa duk ba su da haƙora kamar shi."

Teburin ya riga ni isa gida.

Washegari sai ga Tuhin a ƙofa, takardu a hammata, ƙaton kifi a hannu.

"Mashima, a taimaka."

Na zaunar da shi gaban teburin yana rubutu. Ƙarfe ɗaya na yi, na fizge takardun.

"Wayyo, saura layi ɗaya!"

"Haka shi ma yake cewa. Janye hannunka, miyar da zafi."