Irin Shinkafar Rabe a Ruwan Gishiri

Ruwan farko ya sauka a Tsiga, kowa ya ciro irinsa, Tasalla ma ta kwance buhun irin shinkafar da mijinta marigayi Rabe ya bari. Ƙwari sun sha biki a ciki, ga ƙaiƙayi, ga tsakuwa, ga wanda damshi ya baƙanta.

Shitu, ƙanen marigayin, ya riga ya gaya mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in ba ta da abin shukawa bana, fadamar gado ce, zai ba wani aro. Shitu ba mugu ba ne, sai dai mutum ne da in ya ga gona a zaune ko abinci ba ya masa daɗi. Ita kuwa daga wannan fadamar take ciyar da 'yarta Najiba.

Maƙwabciyarta Rahab, wadda ba a yin sha'ani a unguwar ba ta sa hannu ba, ko an kira ta ko ba a kira ta ba, ta leƙo ta katanga.

"Maman Najiba, zaman me kike yi? Kawo baho, da gishiri, da ɗanyen ƙwai."

"Ƙwai kuma? Iri nake nema, ba miya ba."

"Ke dai kawo."

Suka fara da abin da kowace mace ta sani: suka sheƙe ƙaiƙayin, suka tsince tsakuwar a faifai. Sannan Rahab ta cika bahon da ruwa, ta saka ƙwan ya nutse, ta yi ta zuba gishiri tana juyawa da muciya. Tasalla na kallon gishirinta yana narkewa, ranta na sosuwa. Can sai ƙwan ya taso, ƙeyarsa ta fito sama.

"Ya isa," in ji Rahab. "Iri mai rai zai nutse. Holoƙo ba shi da nauyi, zai taso."

Suka juye irin. Saman ruwan ya rufe ruf da holoƙo, suna yaɗewa da rariya, wani na tasowa. Da suka tsiyaye ruwan, abin da ya kwanta a gindin baho ko rabinsa bai kai ba. Rahab ta ce in aka yafa a gadon reno aka yi dashe zai kai, amma muryarta ba ta da ƙarfin ɗazu. Ta tafi duba tukunyarta, Tasalla ta ɗauraye irin sama-sama ta shanya a tabarma.

A haka Shitu ya yi sallama ya shigo, hular nan a ture.

"Matar Yaya, mai aron ya ce in ba shi amsa yau."

Ta nuna masa tabarmar. Tsoro ya hana ta ɗaga kai.

Ya tsuguna, ya ɗebi irin, ya baza a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sai ya jefa ƙwaya ɗaya a baki, ya tamke fuska, ya tofar.

"Haba matar Yaya! Gishiri zau! A haka za ki kashe mana ɗan abin da ya rage? Ko ɗaya ba zai tsiro ba."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya tattara irin ya mayar cikin baho, ya nufi rijiya.

"Miƙo mini gugan nan mu wanke gishirin tas," ya ce. "Mai aro ya nemi wata gonar. Jibi shanuna za su shiga fadamar, ki shirya abincin masu huɗa."