Akwatin Haladu

Ranar da Laminu zai bi motar Nasara ya bar Diffa, uwarsa Ya Fanna ta hana shi albarka. Ya durƙusa a bakin gonar tattasai yana roƙo, ta juya masa ƙeya ta ci gaba da ban ruwa. Taurin kai kam, duk bakin kogin Komadugu babu na biyunta.

Shekaru suka shuɗe. Wani direba ya kawo labari: Laminu ya zama bakanike a ƙasar Maroko, shi ke ɗaure ƙafafun motocin tsere, irin masu kujera ɗaya da tayoyi a waje kamar ƙafar fara. Ran Lahadi kuma za a yi babban tseren, har a rediyo.

Rediyo ɗaya ne a garin, na Haladu Badamagare mai kanti. Ya Fanna ta ɗaura zanenta na sallah ta zo, ta zauna dab da akwatin. Haladu ya murɗa, sai ƙugin injuna da wani Bafaranshe mai ihu kamar an taka masa wutsiya.

"Wushe, Laminu," in ji ta, tana gaishe shi da yarensu. "Wushe, wushe. Ina gajiya?"

Ta dakata, don ba a tsallake gaisuwa. Injuna suka wuce da ruri. Masu zaman kanti suka fara ƙunshe dariya, Haladu ya harare su.

"Fushi yake," ta ce. "Yana da gaskiya."

Ta matso har goshinta ya kusa taɓa katakon. "Ɗana, ni ce. Na yafe maka. Allah shi yi maka albarka, shi tsare hannunka. Ka ce amin in ji."

Babu wanda ya ƙara dariya. Ni da nake wurin, wallahi na so Haladu ya yi mata ƙarya. Amma mutumin bai iya ba.

"Ya Fanna," ya ce a hankali, "akwatin nan baki gare shi, ba shi da kunne. Daga can yake kawowa, ba ya kaiwa."

Ta daɗe tana kallon abin, motoci na ta zagayensu.

"Ashe haka yaron nan ya ji," in ji ta, "ran da yake yi mini magana."