Kunnen Baba Kuku

"Tsaya! Kin sake ɗaga ta sama." Muryar Baba Kuku ce ta fito ta taga.

Na ajiye wuƙar. Ina tsakar gidan da muke haya tare, shi kuwa yana kwance a ɗaki, ciwo ya hana shi tashi.

"Baba, ta ina ka gan ni?"

"Kunnena ne ya gani. Albasa kike yankawa, 'yata, ba faskare ba."

A kicin ɗin otal ya tsufa. Da ya ji makarantar koyon girki ta kira ni gwajin shiga, sai ya aiko matarsa, Iya, da katakon yanka. Ni tun tasowata a tafin hannu nake yanka albasa, wuƙa na fuskantar babban yatsa, yadda na ga uwata na yi. Ya ce in na yi haka a can, ko tukunya ba za su bari in taɓa ba. In na faɗi kuma, sai baɗi.

Kullum da hantsi sai in goya 'yata, don ba na yarda ta yi rarrafe kusa da wuƙa, in zauna ƙarƙashin tagarsa.

"Lanƙwashe yatsu. Kada tsinin wuƙar ya bar katako." In yarinyar ta yi kuka ya ce, "Matata ce? Gaya mata mijin na nan, ƙafa ce ta ƙi."

Iya ta riƙa share ido tana mita. "Ku biyun nan kun sa ni hawaye ba gaira ba dalili."

Ranar gwajin ya tashi numfashinsa da nauyi. Na cire takalmi na ce na fasa.

"Ki zauna ki yanka min me?" ya ce da ƙyar.

Iya ta kwance min goyon da hannunta. Ban taɓa barin 'yata da kowa ba. Sai da na juyo daga bakin ƙofa na sake nuna mata inda ruwanta yake.

A can aka dire min albasa. Na ɗauke ta zuwa tafin hannuna kafin in ankara. Na mayar da ita kan katako, na lanƙwashe yatsu.

Da la'asar na dawo da farar rigar da ake ba waɗanda suka ci gwajin. Ya shafa hannun rigar ya yi murmushi.

"Naɗe shi sama. Wuta ba ta jin kunyar kowa."

Washegari da rana ya cika, yana barci. Iya ta ce ko motsi bai yi ba.

Ranar da na fara zuwa makaranta, na fito na tarar Iya ta shanya katifarsa a tsakar gida. 'Yata ta rarrafa ta hau, ta kwantar da kumatunta a wajen da rana ta ɗumama. Iya ta ɗaga min hannu, alamar in tafi a hankali.