Ƙwai Shida a Ɗakin Amayi

Zione na durƙushe tana auna ɗakin da tef ɗin ɗinki lokacin da yayanta Mavuto ya leƙo.

"Malama, yau kuma ɗaki kike koya wa lissafi?"

Ba ta ɗago ba. Mita huɗu tsawo, huɗu faɗi. Shi ya gina wa mahaifiyarsu, da suke kira Amayi, ɗakin nan a bayan gidansa na Zomba, kuma babu wanda bai ji labari ba a coci. Taga ɗaya ce, tana kallon katangar maƙwabci, ga ƙwan lantarki guda can sama cikin wani baƙin gilashi na ado. Da rana tsaka sai ka lalubi takalminka.

Shekaranjiya tsohuwar ta sha maganin hawan jini sau biyu, ta zaci na ciwon gwiwa ne, ta kwana asibiti. Mavuto ya yanke hukunci: Amayi ta fara ruɗewa, za a mayar da ita ƙauye.

"Achimwene, yayana, zo ka karanta min wannan," in ji Zione. Ta miƙa masa kwalbar maganin.

Ya karkata ta, ya matso da ita, ya nufi ƙofa.

"A'a, nan za ka tsaya, inda take zama."

"Rubutun ne ƙanana."

"Shekararka hamsin. Ita saba'in da takwas. Kai rubutu ne ƙanana, ita kuma ruɗewa?"

Ta ɗauko wani kwalin ƙwan lantarki, ta yi lissafi a bayansa da biro. Murabba'in mita goma sha shida. Idon tsoho na son haske kamar lumen ɗari uku, wato awon haske, a kowane murabba'i, in ji likitan ido. Dubu huɗu da ɗari takwas ke nan. Ƙwan da ke sama ɗari takwas ne, gilashin ma ya cinye rabi.

"Shida ake bukata."

"Shida? Filin ƙwallo ne?"

"Ɗakin wadda ta haife ka ne."

Da kanta ta hau keken haya zuwa kasuwa, ta dawo da ƙwai da waya da mai aikin wuta. Mai aikin ya ce biyu sun isa, yana kallon Mavuto. Ta ce masa ita ta ɗauko shi, fuskarta zai kalla.

Kafin ƙarfe huɗu an gama. Aka shigo da Amayi, Zione ta danna makunni.

Tsohuwar ta ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta karanta sunayensu da ƙarfi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Mavuto ya sunkuyar da kai.

Sai ta juyo, ta daɗe tana kallon 'yarta. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen kanta.

"Zione, yaushe kika yi furfura haka?"

"Shekara uku ke nan, Amayi."

"Ba wanda ya gaya min," in ji tsohuwar. "Matso in gan ki da kyau."