Jirgin Pojuca

Kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, kwana uku nake yi a bayan alfadari daga unguwarmu ta Barroquinha zuwa ƙauyen Pojuca don in ga Zubairu, kuma ban taɓa fashin shekara ba. Jirgin bayi ɗaya ya kawo mu Bahia. Da muka fanshi kanmu, ni na kama sayar da goro a birni, shi ya tafi ƙauye noman taba. Mun yi alkawari duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan zai yi masa wanka da salla, don a Pojuca babu sauran Musulmi sai shi.

Sai aka gina musu 'yar tasha. Taba da sukari da matafiya duk suka koma bi ta nan, tafiyar kwana uku ta zama ta wuni guda. A nan shaiɗan ya same ni. Kullum sai in ce ai gobe ma akwai jirgi. Na riƙa aika goro ta hannun fatake ina jin na yi zumunci, alhali zumunci a ƙafa yake. Shekara huɗu ban leƙa ba.

Ranar Talata saƙo ya zo cewa Zubairu yana kwance ba lafiya. Na ce bari in sallami kayan da suka iso. Sai Asabar na hau jirgi.

A tashar 'yarsa Hauwa ta tare ni, wadda mutanen garin ke kira Maria. Ba ta jin Hausa, da Fotugis ta yi mini magana.

"Baba, jiya aka binne shi. A bayan coci, fadan cocin ne ya yi addu'a."

Na zauna a kan buhun sukari. Kunya ta fi baƙin cikin yawa, ba zan ɓoye ba.

Ta ce, "Akwai abin da yake faɗa da yarenku duk sanda jirgi ya yi kuka. Na haddace don in tambaye ka." Ta daidaita murya, ta faɗa a hankali, da karin harshen ubanta sak: "Ku leƙa, ko ya sauka."

Ta zuba mini ido tana jira. Na ce mata addu'a ce.

Ta yi murna ƙwarai, ta ce za ta koya wa 'ya'yanta.